Yadda Ake Gina Shafin Karramawa na Masoya a Intanet

Duk wanda ya taɓa ziyartar kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa a cikin garin Bauchi ya san cewa bayan kabarin akwai wurin da aka adana wasu kayayyakinsa da hotunansa, domin wanda aka haifa bayan Janairun 1966 ya ga irin rayuwar da Firayim Ministan ya yi. Hukuma ce ke kula da wannan wuri, kuma ya cancanci hakan. Amma mafi yawan mutanen da gari ke ƙauna ba su samun irin wannan gata. Mawaƙin da ya raya bukukuwan unguwa shekara talatin, da mai gabatar da shirin rediyo wanda muryarsa ke tashin gida da asuba, da ɗan wasan da ya sa filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa ko na Pantami da ke Gombe ya ɗauki sowa, duk abin da ya rage nasu yana cikin kaset a ƙasan akwati, ko cikin hoton da danshin damina ya fara ci, ko a kan dattawan da ke raguwa kowace shekara. Shafin karramawa na masoya shi ne hanyar da talaka mai ƙauna yake da ita ta tattara waɗannan abubuwa wuri guda kafin su salwanta.

Ya kamata a fara da fahimtar mene ne shi, domin yawancin kuskuren da ake yi daga nan yake tasowa. Shafin karramawa shafi ne a intanet wanda masoyi ko gungun masoya suka gina da kansu, da kuɗinsu da lokacinsu, game da wani mutum ko ƙungiya ko wani aiki na fasaha, ba tare da wanda ake karramawa ya ɗauke su aiki ba. Ba ya magana da yawun mutumin, ko iyalinsa, ko hukumar kulob, kuma yana faɗin haka a fili. Ba a gina shi don neman riba. Sannan ya bambanta da shafin labarai, domin shi ba ya tseren kawo abin da ya faru yau, aikinsa tarawa da tsarawa da adanawa ne, ta yadda wanda ya zo bayan shekara goma zai sami abin da ya zo nema. Idan ɗaya daga cikin waɗannan siffofi ya faɗi, musamman ta farko, to abin da ake da shi ya zama wani abu dabam, kuma sau da yawa ya zama irin shafukan bogin da ake buɗewa da sunan jaruman fim a riƙa karɓar kuɗin jama'a.

Wannan al'ada ta daɗe. Tun a shekarun 1990 masoya mawaƙa da 'yan wasa a ƙasashen duniya suka riƙa gina irin waɗannan shafuka a GeoCities, wanda aka kafa a Amurka a 1994 yake bai wa kowa wurin gina shafi kyauta. Kamfanin Yahoo ya saye shi a 1999, sannan ya rufe shi a Oktoban 2009, kuma aikin shekaru na ɗimbin mutane ya tafi, sai abin da wasu 'yan sa-kai suka yi gaggawar kwashewa. Zan dawo kan wannan a gaba, domin akwai darasin aiki a cikinsa.

Matakin farko shi ne ka taƙaita abin da za ka yi. Wanda ya ce zai gina shafi a kan dukan mawaƙan ƙasar Hausa zai gaji kafin ya gama na biyar, kuma abin da zai rubuta ba zai wuce abin da kowa ya sani ba. Ka zaɓi wanda kake da kusanci da tarihinsa, wanda za ka iya hawa babur ka isa wurin mutanen da suka san shi. Mai goyon bayan Wikki Tourists, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Bauchi, alal misali, zai fi amfanar jama'a idan ya tsaya a kan 'yan wasan da suka ci kofin ƙalubale na ƙasa a 1998, ya nemo sunayensu ɗaya bayan ɗaya, da hotunan dawowarsu gida, da labarin waɗanda suka bi su kallon wasan, maimakon ya riƙa kwafo sakamakon wasannin mako da ke kowace jarida. Haka ɗan Gombe da ke son Gombe United, ko ɗalibin da waƙoƙin Malam Sa'adu Zungur suka ratsa shi. A ganina darajar shafin masoya tana cikin abin da babu wanda zai iya samowa sai na gida.

Bayan haka sai suna da sanarwa. Kada ka sa wa shafin sunan mutumin tsurarsa kamar shi ne mai shi. Ka haɗa da kalmar da ke nuna matsayinka, kamar masoya, ko tunawa, ko taska. A saman shafin farko, inda ido zai fara sauka, ka rubuta sanarwa cikin Hausa mai sauƙi, misali: "Masoya ne suka gina wannan shafi don karramawa. Ba shi da alaƙa da iyalan marigayin ko wata hukuma, kuma ba ma karɓar kuɗi da sunansa." Ka maimaita ta a ƙasan kowane shafi, ka kuma ajiye hanyar da za a tuntuɓe ka idan akwai gyara ko ƙorafi. Wannan ya wuce ladabi kawai, domin dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta yin sojan gona da sunan wani, ta kuma haramta mallake adireshin intanet da sunan wani da mugun nufi. Masoyi na gaskiya ba shi da dalilin kusantar wannan iyaka.

Sai zuwa gidan mutumin, kuma a nan nake so in daɗe, domin shi ne matakin da matasa suka fi tsallakewa. Idan wanda za a karrama yana raye, a gaya masa. Idan ya rasu, a nemi babban gidan, ko ƙaninsa ne ko babban ɗansa, kuma kada a je kai tsaye da waya a hannu ana ɗaukar hoto. A nemi wanda ya san gidan ya yi maka iso, a yi sallama a zaure, a gaisa sosai, a yi wa marigayin addu'a, sannan a faɗi abin da ya kawo ka. Kalmar shafin intanet ba lallai ta yi wa dattijo ma'ana ba, don haka ka faɗe ta yadda zai gane: "Baba, mu yaran da muka taso muna jin waƙoƙin marigayi ne, Allah ya jiƙansa. Muna so mu tattara tarihinsa a wuri guda a waya, yadda jikokinsa da sauran jama'a za su riƙa gani. Ba za mu sa komai ba sai mun nuna muku." Idan a cikin gida aka ba ka damar gaisawa da uwargida, ka tambaye ta da kanta: "Hajiya, akwai hoton da ba ki so a fitar?" Kusan kullum akwai, kuma galibi hotunan mata ne da na yara da na lokacin jinya.

Wani lokaci iyali za su ce ba su so a yaɗa waƙoƙin ko finafinan marigayin, saboda shi da kansa ya bar wasiyya, ko saboda suna ganin hakan ya fi masa alheri a inda yake. Wannan yana da zafi ga masoyi, na sani, amma ra'ayina shi ne a bi maganarsu. Za a iya rubuta tarihinsa, da jerin ayyukansa da shekarunsu, da abin da mutane ke tunawa na halinsa, ba tare da an ɗora sautin ba. Shafin da aka gina a kan ɓacin ran marayu ya rasa dalilin gina shi tun daga tushe.

Idan an sami izini sai tattara kaya. Kaset ba ya son zafi, kuma wanda ya san zafin Bauchi da Gombe a watan Maris da Afrilu ya san abin da ke samun kaset ɗin da ya shekara ashirin a ɗakin kwano. Kafin ka saka shi a rediyo, ka duba zaren ko ya manne ko ya yi fumfuna, ka juya shi a hankali da biro daga farko zuwa ƙarshe, ka kuma gwada rediyon da wani kaset marar muhimmanci tukuna, domin tsohuwar rediyo tana cin zare. A haɗa rediyon da kwamfuta ta kebul, a naɗi sautin da manhaja irin Audacity, wadda kyauta ce, a ajiye kwafi na asali mai nauyi ba tare da an taɓa shi ba, sannan a yi ƙaramin kwafi na MP3 don ɗorawa. Ɗora waya kusa da lasifika ana naɗa hanya ce ta ƙarshe, sai idan babu yadda za a yi. Hotuna kuma a kai su sikana a ɗauka da kyau, ɗigo 600 a kowane inci idan hoton ƙarami ne, kuma a ɗauki bayan hoton ma, domin a nan ake samun hatimin mai hoto da kwanan wata da rubutun hannu, wani lokaci da ajami. A mayar wa masu kaya kayansu a ranar da aka yi alkawari, tare da kwafi a filashi ko a wayarsu. Gidan da aka mayar wa hoto a kan lokaci shi ne zai kira ka gobe ya ce an sami wani.

Akwai kuma wuraren da ya kamata a leƙa bayan gidajen mutane: ɗakin ajiyar gidajen rediyon jiha, da ɗakunan karatu na jami'o'i kamar na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da na Jami'ar Jihar Gombe, inda ake iya samun kundin ɗaliban da suka yi bincike a kan mawaƙa da marubuta, sannan ga wanda ke da halin tafiya akwai Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, inda tsofaffin jaridu suke.

Abu mafi wuya shi ne tabbatar da shekaru. Dattawanmu ba su cika riƙe shekara da lamba ba, da abin da ya faru suke riƙe ta, kuma wannan hanya ce mai kyau idan ka iya amfani da ita. Idan aka ce maka ya fara waƙa shekarar da aka canja hannun tuƙi, 1972 ke nan. Idan aka ce lokacin da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, farkon 1973 ne. Idan aka ce bayan an ba mu jihar Bauchi, to daga 1976 ne, idan kuma aka ce shekarar da aka yanke Gombe, 1996 ce. Ka tambayi mutum biyu ko uku a lokuta dabam-dabam, kada ka haɗa su wuri guda, domin ƙarami zai bi bakin babba ko da ya san ba haka ba ne. Idan bakinsu ya zo ɗaya ka rubuta. Idan ya saɓa ka rubuta duka biyun, ka faɗi wanda ya faɗi kowanne, bayan ka nemi izinin ambaton sunansa.

Na koyi wannan da kunya. Mun taɓa haɗuwa da wasu abokai muka tattara tarihin wani makaɗi na garinmu da ya rasu, na ɗauki shekarar haihuwarsa daga wani rubutu da ke yawo a WhatsApp na saka ba tare da na tambayi kowa ba. Bayan 'yan watanni ƙaninsa ya aiko a kira ni, ya zaunar da ni a kan tabarma ya ce, "Ɗana, bisa lissafin da kuka rubuta, na girmi yayana da shekara huɗu." Kafin mu gyara, wasu shafuka uku sun riga sun kwafe kuskuren, kuma har yau ina ganinsa yana yawo. Tun daga ranar, ƙarƙashin kowane hoto da kowane sauti da kowane labari nake rubuta daga ina ya fito, wa ya ba da shi, yaushe aka karɓa. Wannan ɗan layin shi ne ke sa ɗalibin jami'a ya iya dogara da aikin masoyi.

Kusa da wannan akwai jarabar ƙari. Ƙauna tana sa a ce mutum ya yi waƙa dubu goma alhali ba wanda ya ƙirga, ko a jingina masa maganar hikimar da bai taɓa faɗa ba. Tarbiyyarmu ta koya mana ambaton mamaci da alheri, kuma shafin karramawa ba wurin tono asiri ba ne, don haka abin da ya shafi aurensa da rashin lafiyarsa da rigimar gado a bar wa iyali. Amma barin abin da bai shafe ka ba dabam yake da ƙirƙiro abin da bai faru ba. Ka faɗi alherin da ka tabbatar, zai ishe ka.

Game da haƙƙin mallaka, mallakar kaset ba ta ba ka mallakar waƙar da ke ciki. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kare rubutu da waƙa har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai su ya rasu, ta kare hoto da fim da sautin da aka naɗa har shekara 50 daga fitowarsu. Idan ka lissafa, waƙoƙin Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, suna ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2028, na Alhaji Mamman Shata kuwa, wanda ya rasu a 1999, sai ƙarshen 2069. Hoto kuma galibi haƙƙinsa na wanda ya ɗauka ne, ko da fuskar wani ce a ciki. Dokar ta yarda a ɗauko ɗan yanki don nazari ko sharhi ko ilimi tare da ambaton mai shi, ta kuma bai wa mai haƙƙi damar neman a sauke abin da aka ɗora ba da yardarsa ba. Hanya mafi aminci ita ce ka nemi izini a rubuce, ko da saƙon waya ne da za ka adana, kuma idan aikin yana nan a tashar YouTube ta mai shi ko ta magadansa, ka nuna wa mutane hanyar zuwa can maimakon ka sake ɗora shi. Idan aka ce ka sauke abu, ka sauke a ranar, ka ba da haƙuri.

Gina shafin kansa shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Dandalolin gina shafi irin su Blogger da WordPress da Google Sites duk suna ba da damar farawa kyauta, kuma da waya ma ana iya yi. Wanda ke son adireshi na kansa mai ƙarewa da .ng ko .com.ng zai saya daga dillalan da ƙungiyar NiRA, mai kula da adireshin .ng, ta amince da su, kuma ana sabunta shi kowace shekara. Tsarin ya zama mai sauƙi: shafin farko mai ɗauke da sanarwa da taƙaitaccen bayani, sai tarihin rayuwa bisa jerin shekaru, sai jerin ayyuka, sai hotuna, sai abin da mutane suka tuna, sai godiya ga waɗanda suka ba da kaya. Ka tuna cewa mai karatunka yana riƙe da ƙaramar waya ne, datarsa ƙidayayya ce, wataƙila yana Darazo ko Dukku inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, don haka ka rage nauyin hotunan da ka ɗora, kada kuma ka sa kiɗa ya tashi da kansa, domin wani a cikin mutane zai buɗe shafin. Ka rubuta Hausa da haruffanta masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda ke cikin allon rubutun Gboard idan ka zaɓi Hausa, domin a shafin da ke adana baitoci bambancin kafa da ƙafa yana iya juya ma'anar baiti gaba ɗaya.

Mutane da yawa za su ce me ya sa ba za a tsaya a Facebook ba, tun da can jama'a suke. Facebook yana da amfani wajen kira, a nan za ka yi cigiyar wanda ke da tsohon hoto, a nan za ka sanar da sabon abin da ka ƙara. Amma abin da ka ɗora a can yana nutsewa cikin kwanaki, nemo shi bayan shekara biyu wahala ne, kuma ana iya rufe shafin ko a sace shi dare ɗaya. Ka ɗauke shi kamar zaure, kayan kuwa su zauna a ɗaki.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Kada ka sa talla, domin ba ka da iko a kan irin tallar da za ta fito kusa da hoton marigayi, kuma daga ranar da ka fara cin riba da aikinsa matsayinka a gaban doka da gaban iyali ya canja. Idan kuɗin sabunta adireshi ya yi maka nauyi, ku yi karo-karo tsakaninku masu aikin. Idan wani ya ce yana so ya taimaka wa iyali, ka haɗa shi da su kai tsaye bayan sun yarda, kuɗin kada ya bi ta asusunka.

Yanzu sai darasin GeoCities. Duk wurin da ya ba ka masauki kyauta yana iya tashinka, don haka shafin da ke intanet kada ya zama shi kaɗai ne kwafin aikinka. Ka ajiye kwafi uku na komai: ɗaya a kwamfutarka, ɗaya a ma'ajiyar da ake cirewa a ajiye a gidan wani daga cikinku, ɗaya kuma a ma'ajiyar intanet irin Google Drive. Ka riƙa sa wa kowane fayil suna mai ma'ana, da shekara da wuri da sunan wanda ya bayar, domin bayan shekara biyar kai ma ba za ka tuna ba. Akwai kuma Internet Archive, wata cibiya mai zaman kanta a Amurka da aka kafa a 1996, wadda ke da wurin da za ka saka adireshin shafinka ta ɗauki kwafinsa ta adana kyauta. Ka riƙa yin haka duk lokacin da ka yi babban ƙari.

Yawancin shafukan masoya da suka mutu ba wani ne ya rufe su ba, mai su ne ya sami aiki a wani gari, ko ya canja layin waya, ko ya manta ranar sabuntawa, ko kuma Allah ya yi masa rasuwa da kalmar sirri a kansa. Tun ranar farko ka sa mutum na biyu da ka amince da shi ya zama yana da ikon shiga, zai fi kyau idan akwai ɗaya daga cikin jikokin gidan da ya iya waya. Ku buɗe adireshin imel na aikin, wanda ba na ɗayanku ba ne, ku yi rajistar komai da shi. Ku rubuta kalmar sirri da ranar sabunta adireshi a takarda, ku saka a ambulan, ɗaya a wurinka ɗaya a wurinsa, sannan ku sa wa wayoyinku tunatarwa wata guda kafin ranar ta zo.